Gungumen Lukeriya

"Ba can ba, ɗan Kuwanish. Kusa da murhu na ce. Ko kunnenka ma ya riga ka tsufa?"

Orazgali ya sauke ƙafar gadon ƙarfen, ya goge goshi da hula, ya sake kama shi. Sau uku ke nan yana jan gadon daga wannan bango zuwa wancan, tsohuwar kuwa tana kan kujera, an naɗe ta da bargo biyu, tana ba da umarni da haɓa. Jiya motar asibitin gunduma ta dawo da ita. Ba wanda ya furta, amma duk ƙauyen Karashilik an san abin da ake nufi idan likita ya sallami mutum bai ce masa ga ranar dawowa ba.

Shekara goma sha ɗaya rabon Orazgali da ɗakin nan, alhali shingen katako ne kawai tsakanin gidajensu. Yau ma matarsa Kenjegul ce ta tasa shi gaba, ta ce ba za ta karya bayanta ba ga namiji zaune yana gyaran linzami.

Lukeriya ta yi shekara talatin tana aiki da ofishin gandun daji, tana hawa tana sauka a duwatsun Altai da littafi da 'yar guduma. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana birni. Harshenta kaɗai ne asibiti bai rage ba.

"Kenjegul, je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri daga nan."

Kenjegul ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwar, ta fita. Lukeriya ta nuna masa butar shayi da wani kofi mai tsage a baki, wanda yake rataye shi kaɗai a ƙusa. Mutanen addininta ba sa haɗa kofi da baƙo. Ya zuba, ya zauna a gefen benci, bai jingina ba.

"Ka san bishiyar fihtar nan da iska ta kayar shekara huɗu da suka wuce, a bakin Kwarin Beyar?"

"Kowa ya san ta, Apa," in ji shi, kamar yadda ake kiran babbar mace a nan.

Kowa kuwa ya sa wa bishiyar ido. Bana aka gyara hanyar, kuma mutum uku a ƙauyen, su Tolegen, jiran dusar ƙanƙara ta farko kawai suke, su sulala da amalanken kan ƙanƙara su raba ta.

"Ta karye biyu. Gindin nake so. Ka ɗaura masa sarƙa, dokinka ya ja shi cikin kwarin, gangara ce, taku ɗari biyu. A gefen rafi akwai tsohon gungume da na buga wa lamba goma sha bakwai. Ka kwantar da shi kusa da wannan."

"A yi me da shi a can?"

"Ya ruɓe."

Orazgali ya ajiye kofin a hankali.

"Akwai wani abu da ke zaune a ƙarƙashin goma sha bakwai," in ji ta. "Dangin naman kaza ne, rawaya, bai kai tafin hannunka ba. Ɗan gata ne, ba ya cin ɗanyen itace. Ka san kunnen itacen nan mai jan baki da ke fitowa a jikin matattun bishiyoyi? Shi ke fara shiga, ya yi shekaru yana taunawa. In ya gaji ya mutu, sannan wannan ya zo ya zauna a wurin da ya laushe. Ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son siririn reshe. Sai ƙaton gungume, a inuwa, cikinsa a kan ƙasa mai laima. A da irin gungumen nan goma sha tara ne a kwarin. Murhunan ƙauyen nan sun cinye su. Saura ɗaya, shi ma ya yi laushi kamar dafaffen kabeji, shekara biyu ya gama. In babu wani kusa da zai koma, shi ke nan. Waccan fihtar kuwa mai jan bakin ya riga ya shiga ta, na gani da idona kafin in kwanta. Rana ce kawai ke busar da ita."

"Takardar izini fa?"

"Babu."

"To, Apa, Allah ya ba ki lafiya."

Ya miƙe. Har ya kai ƙofa ya ji ta ce, "Kafin ƙanƙara ta sauka, ɗan Kuwanish. Ni da gungumen duk ba mu da lokaci."

A gida ya tarar Kenjegul tana soya fulawa a mai, tukunyar ba ta ko kama ba.

"Me ta ce?"

Ya gaya mata. Ta juya abin da take soyawa ta ce, "To ka ja mata mana. Aikin rabin yini ne."

"Aikin rabin yini! Ke kin manta ne, ko kina so ki manta?"

Ba ta manta ba. Hunturun da 'yarsu Marjan ta kwanta da ciwon haƙarƙari, itacen gidan ya ƙare a tsakiyar sanyi. Orazgali ya shiga Kwarin Beyar, ya yanko wani ƙaton gungume da ke kwance, ya ɓoye shi a rumfar ciyawa. Bayan kwana uku malaman daji suka zo. Ba su tambayi kowa hanya ba, ba su leƙa ko'ina ba, kai tsaye suka nufi rumfar suka yaye ciyawar. Aka ƙwace zarton injinsa, aka kore shi daga tuƙin tarakta, aka rubuta sunansa. An kuma faɗa masa a fili cewa in aka sake kama shi da itacen gandu, abin da ya ja itacen shi za a ɗauke. Taga ɗaya ce a duk ƙauyen ke kallon rumfar nan, tagar Lukeriya.

"Ba ka da shaida ita ce," in ji Kenjegul.

"Ina da ido. Yanzu doki ɗaya ya rage mini, shi ke kawo ciyawa, shi ke kai zuma kasuwa. Sai ta ce in ɗaura masa sarƙa a bakin hanya, da rana tsaka, ba takarda. Don me ba ta aiki su Tolegen ba? Dawakinsu uku."

"Don su Tolegen za su ce to, su kai shi murhunsu."

"Ko kuma don sunansu ba ya cikin littafi."

"Baban Marjan, matar nan mutuwa za ta yi. Me za ta yi da dokinka? Hawa zuwa lahira?"

Sai ƙarar babur ta tsaya a waje. Ya ɗaga labule da ɗan yatsa. Nurlibek ne, malamin dajin yankin, da koren jaket ɗinsa, yana jingine babur a shingen Lukeriya. Ya shiga ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Orazgali ya tsaya a tagar har shayinsa ya huce. Sai da aka yi kusan awa guda mutumin ya fito, kuma kafin ya hau babur ya juyo ya ƙare wa garken dokin kallo.

"Kin gani?" in ji Orazgali.

"Na ga yaron da ta koya wa aiki ya zo gaishe ta."

"Ke dai ba ki taɓa ganin tarko ba sai ya kama ƙafarki."

Washegari da safe ya tafi kwarin a ƙafa, ba doki ba sarƙa, da kwando a hannu kamar mai neman 'ya'yan itace. Gindin fihtar yana nan a bakin hanya, kauri kamar mutum biyu sun rungumi juna, kunnuwa masu jan baki sun jeru a gefensa, wasu sun bushe sun tsage. Ya zagaya shi sau biyu. Ya duba bishiyoyin da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya, domin yanzu malaman daji suna ɗaura 'yan akwatunan ɗaukar hoto a jikin itace, wai don namun daji irin su beyar da barewa. Ya sami madaurin guda a wata bishiya, babu akwatin. An cire shi ne, ko an mayar da shi inda ba zai gani ba? Sawun babur kuma sabo ne a laka.

Ya gangara. Cikin kwarin sanyi ya canza, ya yi nauyi, ga warin jiƙaƙƙen itace. Kututture ko'ina, da tsofaffin sawun ja inda aka fitar da gungume. Can gefen rafi ya ga goma sha bakwai, gansakuka ta lulluɓe shi, 'yar farantin gwangwani mai lamba ta kusa nutsewa a jikinsa. Ya danna da yatsa, yatsan ya shige. Ya waiga hagu da dama, sannan ya kwanta ruf da ciki, ya leƙa ƙarƙashi.

Yana nan. Ɗan abu shimfiɗe a cikin duhu, rawaya kamar ɓawon lemun tsami, da ƙananan huji kamar an tsattsaga da allura, ɗigon ruwa na rataye a bakinsa. Ashe dai wannan ba ƙarya ta yi ba. Amma ai mai kafa tarko ma da hatsin gaske yake kafawa, ya faɗa a ransa, ya tashi yana kakkaɓe gwiwa.

Daga dajin bai biya gida ba. Ya tarar da ita kwance, fuskarta ta koma kamar kakin zuma, 'yar fitila na ci a gaban hotunan waliyyanta a kusurwa. Wata tsohuwa 'yar cocinsu tana gyangyaɗi a kujera.

"Akwai gansakuka a gemunka," in ji Lukeriya. "Ka gan shi ke nan."

"Apa, tambaya ɗaya zan yi miki. Ki dubi inda za ki, ki ba ni amsa."

"Ni ce," in ji ta, tun bai yi tambayar ba.

Ya yi shekara goma sha ɗaya yana shirya abin da zai faɗa a wannan ranar, amma ita ce ta ci gaba.

"Ni na rubuta, ni na kai da ƙafata. Lamba takwas ka ɗauka. Shi ne mafi kyau a kwarin, rabin abin da nake bi shekara ashirin a jikinsa yake. Na leƙa taga na ga kana farfasa shi."

"Marjan tana kwance tana tari da jini."

"Ban sani ba a lokacin. Da ka ƙwanƙwasa ƙofata da na ba ka rabin itacena."

"Da kin ƙwanƙwasa tawa da kin sani."

Ta rufe ido. Numfashinta yana fita da 'yar ƙara. "Wannan gaskiya ne," ta ce. "Na ɗauka za su yi maka faɗa su tafi. Ban ce su kore ka ba. Amma ba zan yi maka ƙarya a kan gadon nan ba, in da za ka sake ɗaukar takwas, zan sake jin abin da na ji."

"Ba ki ma ce in yafe ba."

"Yafiya taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Doki nake roƙo."

"Nurlibek fa? Me ya zo yi jiya?"

"Takarda na roƙe shi. Ya ce babu dokar da ta san a ja itace zuwa cikin daji, duk dokokin na fitarwa ne, in ya rubuta za a yi masa dariya har birni. Amma ya ce ranar Alhamis yana taro a gunduma, tun safe har yamma."

Orazgali ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "In ni ne zan kama mutum, haka zan ce a gaya masa."

"Ni ma haka zan ce," in ji ta. "Sai ka zaɓa."

Laraba ya wuni yana gyaran rufin garke. Kenjegul tana shiga tana fita tsakanin gidajen biyu da romo, tana dawowa da shi kamar yadda ta kai. Da la'asar ta ce tsohuwar ta daina magana, sai dai duk wanda ya buɗe ƙofa ta juyo ta dubi takalmansa, ko akwai lakar daji.

Alhamis gari ya waye da gajimare mai nauyi a kan duwatsu. Orazgali ya tsaya a bakin hanya har ya ga babur ɗin Nurlibek ya bi ta gada ya nufi gunduma. Ya ƙara jira, ko zai juyo. Sannan ya ɗaura wa dokinsa Akbakai kayan ja, ya naɗe sarƙa a buhu don kada ta yi ƙara, ya bi ta bayan gonakin dankali.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Gungumen ya manne da ƙasa, sai da ya sa sanda ya ɓamɓare shi. Dokin ya ja, ya tsaya, ya ja, tururi na tashi daga bayansa. A gangara kuma gungumen ya so ya riga dokin sauka, dole ya riƙa naɗa igiya a kututture yana saki kaɗan kaɗan, har tafin hannunsa ya ɗaye. Duk reshen da ya karye a daji sai ya ɗaga kai. Rana ta yi tsaka kafin su kai rafin.

Yana durƙushe yana ƙoƙarin kwance sarƙar ya ji babur. Ba wucewa ya yi ba. Ya tsaya a sama, daidai inda gungumen ya bar rami.

Orazgali ya dubi dokin, ya dubi sarƙar da ta cije ta ƙi kwantuwa. Ko ya yanke kayan jan ya kora dokin cikin daji, sawun yana nan kamar an yi huɗa. Ya miƙe tsaye, ya riƙe linzami, ya jira. Ashe haka. Har a bakin kabari.

Nurlibek ya gangaro yana zamewa a laka. Ya tsaya taku biyar daga gare su, ya cire hula.

"Oraz-aga," ya ce, yadda ƙarami ke kiran babba.

"An gama taron ke nan da wuri."

"Ban kai ba. A hanya Kenjegul-apa ta kira ni, ta ce wayarka tana gida. Tsohuwa ta cika, wajen ƙarfe goma sha ɗaya."

Rafin yana ta gudu a kan duwatsu. Orazgali ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ji zafin inda igiya ta ci.

"Ta san na fito?"

"An ce ta ji ƙarar kofato ta bayan gida. Ban san ko ta gane ba."

Nurlibek ya zagaya gungumen yana dubawa, Orazgali yana bin hannunsa da ido, yana jiran ya shiga aljihun da littafi yake. Sai mutumin ya ce, "Wannan gefen yana sama. Ta ce lallai cikinsa ya taɓa ƙasa, in ba haka ba iska za ta bi ta ƙarƙashi ta busar da shi." Ya ɗauki sandar, ya soka. Su biyu suka danna har gungumen ya mirgina ya zauna cikin gansakuka, kamu ɗaya tsakaninsa da goma sha bakwai. Sarƙar ta saki da kanta.

Daga nan Nurlibek ya ja da baya, ya fito da waya, ya ɗauki hoto.

"Na mene ne wannan?"

"Na ɗanta ne. Ta ce a nuna masa."

"Dokina ya fito a ciki?"

Nurlibek ya dubi wayar, ya mayar aljihu. "Wutsiya kawai, Aga."

"Mu gani."

"Batir ya mutu." Ya sa hularsa, ya kama hawa.

Orazgali bai koma gida da dokin ba. Ya bi ta kan tudu ya kai shi wurin ƙanin matarsa a ƙauyen gaba, ya ce a ajiye masa shi kwana biyu, kada a gaya wa kowa. A ƙafa ya dawo, yana isowa ƙanƙara ta fara sauka.

Ranar Asabar aka binne ta. Ɗanta ya zo daga birni da takalman da ba su dace da laka ba. Ƙasa ta fara daskarewa, Orazgali da mutum biyu suka haƙa kabarin, shi ne ya fi daɗewa a ciki. A wurin cin abincin makoki ya zauna kusa da ɗan, ya yi ta juya cokali, can ya ce, "An nuna maka wani hoto?"

"Wane hoto?"

"Ba komai. Ci abincinka."

Nurlibek yana can ƙarshen tebur yana shan miya, bai ɗago ba.

Mako guda ya wuce, takarda ba ta zo ba. Na biyu ma haka. Duk motar da ta tsaya a gada sai Orazgali ya ajiye abin da ke hannunsa. Kenjegul ta ce ya je ya ɗauko dokin, ciyawa ta kusa ƙarewa a rumfa, ya ce tukuna. Su Tolegen sun je da amalanke sun tarar da rami, sun dawo suna zagin ɓarawon da ya riga su, ya saurare su a bakin shago, har ya taya su girgiza kai.

Ɗan ya kulle gidan ya koma birni, ya bar wa Kenjegul kaji uku, ya ce ba shi da inda zai kai su. Biyu sun saba da sabon akurki a kwana ɗaya. Ta ukun, wata jar tsohuwa mai guntun tsiko, kullum sai an nemo ta.

Da safiyar da ya yanke shawarar zuwa ɗauko dokin, Orazgali ya fito da linzami a kafaɗa. Ƙanƙara ta kwana tana zuba, tsakar gida fari fat, ba wanda ya taka. Sai wani siririn sawu mai yatsu uku da ya fito daga akurki, ya bi ta ƙarƙashin shinge, ya miƙe har matakalar Lukeriya. Kazar tana can a kan mataki na sama, ta kumbura gashinta, ta fuskanci rufaffiyar ƙofa.